Yadda ake mayar da oza da laba zuwa giram wajen fitar da zakka

Tambaya

Ina zaune a Amurka, kuma ina da zinare tsantsa oza 2.8 da na ajiye, shekara ta zagayo a kansa. Malamanmu suna faɗin nisabi da giram ne. Shin zakka ta wajaba a kaina? Zakkar fidda kai kuma laba nawa ce?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Nisabin zinare miskali 20 ne, na azurfa kuma dirhami 200. Malamai da yawa na wannan zamani sun ƙiyasta miskali a kan giram 4.25, don haka nisabin zinare giram 85 ne, na azurfa giram 595. Malaman Hanafiyya na Indiya da Pakistan suna ɗauka giram 87.48 na zinare da giram 612.36 na azurfa. Abin da ake fitarwa shi ne ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari.

Ya kamata mai tambaya ya sani cewa oza iri biyu ce. Akwai ozar kasuwa, wadda ake auna kayan abinci da ita, nauyinta giram 28.35, kuma guda 16 ne ke cika laba ɗaya. Akwai kuma ozar zinare da azurfa, wadda ake kira oza troy, nauyinta giram 31.1. Da wannan ta biyun ake auna zinare, kuma da ita ake faɗin farashinsa a kasuwannin duniya. Nisabin zinare da ita kusan oza 2.73 ne, na azurfa kuma kusan oza 19.13.

Saboda haka zinarenka oza 2.8, in aka ninka da 31.1, ya zama kusan giram 87. Ya haura giram 85, zakka ta wajaba a kanka bisa wannan ƙiyasi, za ka fitar da kusan giram 2.2 ko kimarsu a farashin ranar da kake fitarwa. Da za ka ninka da 28.35, sai ka sami giram 79 kawai, ka zaci bai kai nisabi ba, ka hana talakawa haƙƙinsu.

Haka nan kada a ɗauka uƙiyar da ta zo a hadisin nisabin azurfa ita ce oza. Uƙiya a shari'a dirhami 40 ce, kusan giram 119, kuma biyar ɗinta ne suke cika nisabi.

Zakkar fidda kai kuwa sa'i ɗaya ce a kan kowane mutum, wato mudun Annabi (SAW) huɗu. Sa'i awon kwano ne, shi ya sa nauyinsa ke bambanta gwargwadon irin abincin. Malamai sukan ƙiyasta shi tsakanin kilo 2.5 da kilo 3 na shinkafa da makamantanta. Laba ɗaya giram 453.6 ce, kilo ɗaya kuma kusan laba 2.2, don haka kilo 2.5 laba 5.5 ne, kilo 3 kuma laba 6.6. Wanda ya ba da laba 7 a kan kowane mutum ya fita daga shakka, abin da ya ƙaru kuma sadaka ce.

Allah ne Mafi sani.