Daga Toda Zuwa Kwamitocin Filaye: Yadda Nijar Ta Tunkari Rikicin Manoma Da Makiyaya

A watan Oktoban 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, aka kashe Fulani fiye da 100 a Toda cikin yankin Maradi, akasarinsu mata da yara. Saɓanin manoma da makiyaya ne ya kai ga haka, amma tushensa ya daɗe a ƙasa.

Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa. Jama'a ta ƙaru, fari na 1973 da na 1984 suka turo dabbobi kudu, gonaki kuma suka haura arewa suna cin burtali da bakin rijiyoyi. Wahalar ita ce ba a ma yarda a kan mene ne matsalar ba. Manomi ya ce ɓarna ce, makiyayi ya ce an toshe masa hanya, maigari yana kare ikonsa na rabon ƙasa, alƙali kuma yana neman takardar da babu ita. Kowa da gaskiyarsa, amma guntuwa ce.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ake kira Code Rural, ta zo da dabarar haɗa waɗannan mutane wuri guda. An kafa kwamitocin filaye, wato Cofo, a matakin gunduma, daga baya aka sauko da su ƙananan hukumomi da ƙauyuka. A cikinsu akwai hukuma, sarakunan gargajiya, ma'aikatan noma da kiwo da gandun daji, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Tare suke taka burtali su kafa masa alamomi, su rubuta takardun saye, aro da jinginar gona, su kuma ba da shawara kan ranar sakin gonaki bayan girbi. A 2010 wata doka ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne.

Ba a ce rikici ya ƙare ba. Kwamitoci da yawa ba su da kuɗin aiki, kuma makiyayin da ya tafi kiwo sau da yawa ana yanke magana bayan idonsa. Duk da haka, iyakar da mai gona da mai shanu suka shata tare ta fi wuyar tsallakawa a kan wadda aka aiko musu daga ofis.