Tarbiyyar Yaran Ayari a Ƙasar Bebeji

Idan ana maganar fataucin Hausawa, yawanci madugai da attajirai ake ambata. Ba a cika tunawa da waɗanda suka ɗaure kaya, suka kora jakai, suka kwana a bakin zango suna tsaro ba. Alhali kuwa dukiyar madugu a hannun waɗannan mutane take, tun daga ranar tashi har ranar sauka. Saboda haka ya dace a duba yadda ake horar da su, kuma babu wurin da ya fi Bebeji dacewa da wannan nazari.

Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya ratsa ta garin a 1826, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 zuwa 25,000, ya kuma lura cewa ciniki ne babbar sana'arsu. Daga irin waɗannan garuruwa ne fatake suke tashi da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci zuwa da dawowa kan ci shekara guda.

Ayari yana da tsari irin na sarauta. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba domin sanin hanya da zaɓen masauki, uban dawaki yana kula da abin da za a biya sarakunan hanya, malamin ayari kuma yana riƙe da rubutu da addu'a. A ƙarƙashinsu ne yara da 'yan alaro suke, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne, waɗanda ba da son ransu suka shiga aikin ba.

Horon yaro yana tafiya ne daki-daki. Da farko zai koyi kiwon jaki da ɗora akumari, da daidaita kaya don kada wani gefe ya rinjayi wani, dabba ta yi miki. Daga nan sai ya koyi kula da goro, wanda shi ne mafi wuyar sha'ani, domin goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Dole a naɗe shi da ganyen fita, a riƙa kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama tun kafin ta lalata sauran. Bayan haka sai ƙidaya ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, da lissafin wuri, da sanin mafitar kogi da ɗan abin da ya samu na harsunan Nufawa da Bargawa da Dagwamba. Wanda ya nuna hankali da riƙon amana, ubangidansa kan ba shi jari kaɗan ya juya a cikin ayarin, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa.

Abin lura a nan shi ne, mai koyarwa shi ne mai ɗaukar asara. In yaro ya yi sakaci goro ya ruɓe, aljihun ubangida ne zai yi kuka. Wannan ya sa ba a ɗaga yaro zuwa mataki na gaba sai an gwada shi an tabbatar.

Alhassan Ɗantata shi ne fitaccen ɗan wannan makaranta. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mahaifinsa Abdullahi madugu ne. Ya yi karatun allo a garin, ya fara da ƙananan saye da sayarwa, sannan ya bi hanyar Gwanja har Ankara. Wajen 1906 ya shiga aika goro Ikko ta jirgin ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga ciniki a 1912, zamanin ayari ya kama gushewa, amma ilmin ayari bai gushe ba. Da shi ne Ɗantata ya kafa yaransa a ƙauyuka suna sayen gyaɗa, bisa jari da amana, har rasuwarsa a 1955.

Da babbar mota ta karɓi aikin jaki, tsarin ya sake kama. Hanyar da ta rabu a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore a Doguwa ta nufi Jos, ita ke ɗaukar hatsin kudancin Kano. A kanta ƙaren mota ya gaji yaron madugu: wanke mota, sa weji, ɗaure tamfol, canza taya, sannan a hankali a ba shi sitiyari. Gwamnati kuwa ta kafa Cibiyar Koyon Fasahar Sufuri a Zariya a 1986, da Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ta mayar da shaidar ƙwarewa ta zama takarda.

To, a nan ne giɓi ya samu. Takarda tana tabbatar da sanin doka, amma ba ta tsaya wa mutum kamar yadda ubangida yake tsayawa. Koyo a bayan mota kuma yana ba da hannu, amma ba shi da ajali, ba shi da ma'auni, 'yan dako ma ba a lissafa su cikin masu bukatar horo. Aikin da ke gaban hukuma da ƙungiyoyin direbobi shi ne su haɗa biyun: a san wanda ya koyar da yaro, a san tsawon koyon, a gwada shi kafin a sallame shi. Madugu goro yake tsoron asara. Abin da ake damƙa wa direba a yau har da rayukan mutane.