Kafin ka goge fayil ɗin NOTICE

Jama'a, masu kwaso manhajar kyauta suna goge fayilolin LICENSE da NOTICE, ga ɗan tarihi.

Tsohon lasisin BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya wajabta ambaton jami'ar a duk tallar manhajar. Sai kowa ya riƙa ƙara nasa sunan. A NetBSD na 1997, Richard Stallman ya ƙirga irin wannan ambato har 75. Wace talla ce za ta ɗauke su? A 1999 jami'ar ta soke sharaɗin. A 2004 lasisin Apache 2.0 ya tattara ambaton cikin fayil ɗaya, NOTICE, wanda dole abin da ke cikinsa ya bi manhajar duk inda aka raba ta.

Kyauta aka ba ka, amma fa da sharaɗi. In ka goge sunan masu aikin, ka karya lasisin.