Sitent Mai Rufi da Zubar Jini Bayan Tsaga Bakin Bututun Maɗaci: Me Ya Dace da Majinyacin Boɗinga da Shagari?

Gabatarwa

Tun 1974, da Kawai a Japan da Classen da Demling a Jamus suka fara tsaga bakin bututun maɗaci da na'urar leƙa ciki, zubar jini bai rabu da aikin ba. A rahotonsu na 1996, Freeman da abokan aikinsa sun bi majinyata 2,347, suka iske kashi 2 cikin 100 sun zubar da jini. Daga 2010, rahotannin Shah da Itoi suka nuna cewa sitent, wato ɗan bututu na waya mai rufi, idan ya buɗe ya danne jijiyar, jini kan tsaya bayan allurar adirenalin ta gaza. Masu ganin a mayar da shi matakin farko, da su maƙalar nan ke jayayya.

Hanyar bincike

An karanta waɗannan rahotanni da ƙa'idojin ƙungiyar likitocin leƙa ciki ta Turai na 2020, aka auna su da halin majinyacin da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega.

Tattaunawa

Ƙa'idojin ba su sa sitent a gaba ba. Sai allura da ƙonawa ko matsewa sun kasa. Dalili kuwa a fili yake: yana da tsada, yana iya zamewa, kuma dole a koma a cire shi bayan makonni kaɗan. Manomin Shagari da ya sayar da awaki ya yi tafiyar farko, da me zai yi ta biyu? Sitent da aka bari kan toshe, ya jawo zazzaɓi da ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne kafin aikin. Mai toshewar bututu kan daɗe da shawara, yana fama da jiƙe-jiƙe, kafin a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan maɗaci bai isa hanji ba, jiki ba ya tsotsar bitamin K, hanta ta kasa haɗa sinadaran daskarar da jini. Gwajin daskarewar jini da allurar bitamin K, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, suna toshe wannan ƙofa tun kafin wuƙa ta taɓa nama. Ga kuma jinin da kan ɓalle bayan kwanaki, mutum ya riga ya koma Boɗinga. Baƙin bayan gida da jiri ne alamarsa, kuma ma'aikacin asibitin garin ne zai fara gani, ba wanda ya yi aikin ba. A takardar sallama ya kamata a rubuta wannan, da Hausa.

Iyakar binciken

Gaskiya ne ba a duba fayil ɗin majinyata ba, kuma rahotannin farko kan sitent na mutane ƙalilan ne, na Shah ma biyar kacal. Wannan raunin ya fi taɓa masu gaggawar sa shi fiye da mu.