Edmund Morel: Akawun da Ya Yi Fafutukar Kare Gonar Talaka

An haifi Edmund Dene Morel a birnin Faris a shekarar 1873, kuma a 1891 ya kama aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ke Libaful a Ingila. Da yake yana jin Faransanci, sai kamfanin ya riƙa tura shi Beljiyam domin duba lissafin kayan Kwango, ƙasar da Sarki Leopold na Biyu ya mayar kadararsa ta kansa. A nan ya lura cewa jiragen suna sauke roba da hauren giwa, amma in za su koma galibin kayansu bindigogi ne da harsasai, abin da ya tabbatar masa cewa aikin tilas ake sa mutane da sunan ciniki. Ya ajiye aiki, ya kafa ƙungiyar neman gyara a Kwango a 1904, kuma matsin lambarta na cikin dalilan da suka raba Leopold da Kwango a 1908.

Tsakanin 1910 da 1911 Morel ya zagaya Nijeriya har ya kai Zariya da Kano, inda noma da saƙa da rini suka ƙara masa imani cewa arziƙin ƙasa yana hannun manomin da ke riƙe da gonarsa. Saboda haka ya tsaya kai da fata wajen kare dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya filayen Arewa a hannun Gwamnan mulkin mallaka bisa amanar 'yan ƙasa, ta kuma toshe wa kamfanonin Turawa hanyar saye su. Dokar ta haɗa da Masarautar Gwandu ta Lardin Sakkwato, don haka gonakin garuruwa irin su Malisa da Kalgo suka ci gaba da bin gado da aro da jingina, ko da yake ikon ƙarshe ya bar hannun sarakuna ya koma na Turawa.

A 1912 jam'iyyar Liberal, wato ta masu sassaucin ra'ayi da ke goyon bayan ciniki ba shinge, ta tsayar da shi takara a Birkenhead, amma adawarsa da Yaƙin Duniya na Ɗaya ta raba su, har aka ɗaure shi wata 6 a 1917. Ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 1922 ƙarƙashin jam'iyyar Leba bayan ya kayar da Winston Churchill a Dundee, ya mutu a 1924. Tsarin filayen da ya kare a Nijeriya shi ne tushen dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda dokar 1978 da ake aiki da ita yau ta yi koyi da ita.