Ƙasar Ƙonni da Ma'anar Zama Mutumin Kowace Ƙasa

A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin Girka mai suna Diyojin ya kira kansa "kosmopolites", watau wanda duniya duka ce birninsa. Mai fassara da ya mayar da wannan kalma "ɗan duniya" ya ɓata ma'ana, domin a Hausa ɗan duniya shi ne wanda ya saki tarbiyya ya bi son ransa. To amma rashin kalma guda ba ya nufin rashin abin da take nufi. Tarihin yankin Ƙonni, Malbaza da Illela shaida ne.

Bisa ga abin da zuriyarsu ta rubuta, Toronkawa sun taso daga Futa Toro, a bakin kogin Sanagal, ƙarƙashin Musa Jakollo, suka sauka a Ƙonni wajen ƙarni na 15. A cikin jikokinsu aka haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a Maratta, kusa da Galmi, a shekarar 1754. Malaminsa Jibirilu ɗan Umaru ya zauna a Agadas, ya yi aikin hajji, ya kuma karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala al-Zabidi. Shehu ya yi wallafa da Larabci, ya yi waƙa da Fulatanci, ya yi wa jama'a wa'azi da Hausa. Ƴarsa Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da waɗannan harsuna uku. Haka kuma sarautar Adar da ke Illela ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, a ƙarshen ƙarni na 17.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba su bar asalinsu ba don su zama na ko'ina. Harshe suka ƙara bisa harshe, kuma harufan ajami suka ɗauke musu nauyin duka. Almajirin da ya iya baƙi da wasali yana da masauki daga Ƙonni har Makka.

Zuwan Turawa ya yanke wannan hanya. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906 ta raba Ƙonni da Sakkwato, aka sami boko iri biyu ga harshe ɗaya. Taron Bamako na 1966 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutu, amma har yanzu Nijar na rubuta ƴa, Nijeriya na rubuta 'ya.

Saboda haka, ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su tuna cewa manomin albasar Galmi, wanda kayansa ke kaiwa Abijan da Ankara ta Gana, magajin wannan tarihi ne. Lalle littafin da za a ba shi ya karantu a kowane gefe na iyaka, kuma a ɗora bokonsa bisa ajamin da ya riga ya sani.