Ƙaramin jirgi ma yana da hakki a kan hasumiya

Duk wanda ya ja layi a taswira daga Kano zuwa Gombe zai ga ya ratsa ta ƙasar Birnin Kudu ya gangara wajen Gwaram. Saman Sundimina, garin da ke wannan yanki, ke nan hanya ce, ko da mutanen garin ba su taɓa ganin jirgi ya sauka musu ba. Manyan jiragen da ke wucewa can ƙololuwa suna hannun jami'an kula da zirga-zirga tun daga tashi har sauka. Damuwata tana kan na ƙasa da su: ɗalibin da ya taso daga kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, da jirgin feshin da ake kawowa Jigawa idan jan-baki ya addabi gonaki, da mai ƙaramin jirgin kansa. Waɗannan da ido suke tafiya, kuma tarihin aikinmu ya nuna an daɗe ana gina tsari ba tare da an sa su a lissafi yadda ya kamata ba.

Da ido aka fara komai. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, babu hasumiya, babu mai yi musu jagora. A 1936 Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartoum, kuma saboda Kano ce mashigar masu tsallake Sahara, sai ta zama cibiya, har yau da sunanta ake kiran yankin bayanan jirage na Nijeriya baki ɗaya. Amma gyare-gyaren da suka biyo baya, babban jirgi aka sa a gaba wajen yin su. A Nuwamban 1996 jirgin ADC ya faɗi a Ejirin kusa da Legas yana ƙoƙarin kauce wa wani jirgi, mutum 144 suka rasu. A 1999 aka kafa hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, a 2010 aka ƙaddamar da aikin rada na ƙasa, da manyan tashoshi a Kano, Legas, Abuja da Fatakwal, da ƙanana a wurare irin su Talata Mafara, Numan da Maiduguri. Aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Sai dai rada da rediyon jirgi duka a miƙe suke tafiya, ba sa bin lanƙwasar ƙasa, ba sa huda dutse. Jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a bayan duwatsun Birnin Kudu yana iya ɓace wa Kano, kuma ƙananan tashoshin nan ba sa ganin jirgi sai yana ɗauke da na'urar da ke amsa musu a kunne.

Abin da ƙaramin matuƙi yake nema ba shi da yawa. Ya kira ta rediyo, ya faɗi ko shi wane ne, inda yake, tsayinsa da inda ya nufa, a ba shi lamba mai alƙaluma 4 ya saka a na'urarsa, daga nan jami'i ya riƙa gaya masa akwai jirgi ta damarsa, ko yanayi ya ɓaci a gabansa, ko ya kusa shiga yankin da soja suka keɓe. Shawara ce, nauyin kauce wa karo yana nan a wuyan matuƙi. To amma ido nawa yake gani a watan Janairu, lokacin da hazo ya sauko har dutsen da ke gabanka ya koma inuwa? Ga jiragen horar da soja da ke tashi daga Kano, ga na alhazai a Dutse tun da aka buɗe filin a 2014, ga hanin da kan zo ba zato, kamar wanda aka sa a saman Zamfara a Maris ɗin 2021. Matuƙin da bai yi magana da kowa ba, abin da ya karanta kafin ya tashi shi ne iyakar saninsa, sama kuwa tana sauyawa yana cikinta.

Abokan aiki da dama suna cewa jami'an sun yi ƙaranci, kowane kira na ƙaramin jirgi yana cin lokacin da ya kamata a ba mai ɗauke da fasinja ɗari. Gaskiya ne, shi ya sa ko a Amurka ba a yin wannan hidima sai in aiki ya bari. Amma Amurkan ta biya kuɗin darasin da tsada. A 1986, a Cerritos kusa da Los Angeles, wani ƙaramin jirgi ya kutsa yankin da ba a ba shi izini ba, ba ya magana da jami'ai, na'urarsa ba ta nuna tsayinsa, ya yi karo da jirgin Aeroméxico, mutum 82 suka mutu har da na cikin gidaje. Fasinja ɗarin da ake son karewa, jirgin da ya yi shiru ne babban abin tsoronsu. Wasu kuma na cewa masu jirgin kansu ba su taka kara sun karya ba a Arewa, kuma galibin haɗuransu laifin matuƙi ne. Suna kawo misalin Gwamna Danbaba Suntai, wanda ya faɗi da ƙaramin jirgin Cessna da yake tuƙawa kusa da Yola a Oktoban 2012, bincike ya nuna ya ci gaba da tafiyar ido bayan rana ta faɗi. Na yarda babu jami'in da zai maye gurbin horo da bin ƙa'ida. Amma ƙarancinsu ai hujja ce ta cewa hidimar ba za ta fi ƙarfinmu ba, kuma matuƙin da ƙwarewarsa ba ta kai ba ya fi kowa bukatar muryar da za ta ce masa ya juya tun da sauran haske.

Zancen tsaro ma a nan ya faɗo, domin jirgin da ya faɗi sunansa da hanyarsa ya rage wa soja aikin tantancewa. Abin da ya rage shi ne a ƙara tashoshin rediyo masu miƙa murya a inda jirage ke yin ƙasa, kudancin Jigawa na ciki, a ware mita guda ta ƙananan jirage a cibiyar Kano, a wajabta na'urar da ke nuna tsayi ga duk mai shiga kusa da Kano da Dutse, sannan malaman Zariya su horar da ɗalibi ya riƙa kira tun bai shiga matsala ba, jami'ai kuma su amsa masa da irin muryar da suke amsa wa kyaftin ɗin babban jirgi.